Ɗan Farin Malamin Lissafi

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya ce maka zama ɗan fari a Gummi daɗi ne, ka fara tambayarsa shi na nawa ne a ɗakinsu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son a ɗebo mata ruwa sai ta dubi randa ta ce, "Wai ba kowa gidan ga?" ni kuwa ga ni zaune a gabanta. Baba in zai yi maganata da wani, "wancan" nake. In da ni zai yi, "kai". Kunyar ɗan fari ke nan, kowa a cikinta ya tashi: iyaye ba su kiran sunanka, ba su yabonka, ba su nuna sun damu da kai a gaban mutane. Ƙannena su hau cinya su ja gemu, ni ko kallon kirki ba na samu. Kaka, wadda ta haifi Baba, ita kaɗai ke kwaɗa mini kira da sunana, ta haɗa da tsiya. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba sai da ya shigo cikin lissafi.

Baba malamin lissafi ne a sakandaren maza da na yi. In an tashi, maimakon ya gangara fadama ya duba shinkafarsa kamar sauran malamai, sai ya tsare mu, mu 'yan kaɗan, a wani aji mai yoyo, wai yana shirya mu gasar lissafi. Gasar nan ba irin jarrabawar da aka saba ba ce, wadda za ka haddace ƙa'ida ka zuba lambobi ka miƙe. Tambaya ce 'yar gajera, ko mai tallan kifi ta ji za ta gane abin da ake tambaya, amma ka wuni kana juya ta ba ka ga ƙofar shiga ba. Kuma ba amsa kaɗai ake so ba, hujja ake so, wadda ba ta bar wa mai gardama wurin tsayawa ba. A Gusau ake farawa. Wanda ya haye a kai shi Abuja a ƙara goge shi, daga nan kuma karatu kan buɗe wa yaro ta inda ubansa bai taɓa zato ba. Makarantarmu gurbin mutum biyu ake ba ta. Ni kuma tun ina aji huɗu na sa raina a kan ɗaya daga cikinsu, ba na ɓoye wa kowa.

Ina tuna ranar da na fara jin daɗin abin, kuma ranar ce na fara jin ciwonsa. Baba ya tsaya a gaban allo, alli a bayan kunne, ya ce, "Ku natsu. Anka taru wurin suna, kowa ya gaisa hannu da hannu da wanda yake so, ya bar wanda yake so. Ku nuna mini cewa komi yawan taron, sai an samu mutum biyu da yawan hannuwan da sunka kama ɗaya ne." Yara suka shiga zana mutane da layuka. Wani ya ce ai a ƙauyensu kowa da kowa ake gaisawa, aka yi dariya. Ni ina kallon rufi, sai abin ya faɗo mini. A ce mutum goma ne. Kowa abin da zai kama daga babu ne zuwa tara. Amma in akwai wanda ya kama hannun kowa, to babu wanda bai kama na kowa ba. Biyun nan ba su haɗuwa a taro ɗaya. Saura adadi tara ke nan, mutane kuwa goma. Dole biyu su yi tarayya a ɗaya. Haka yake ko taron ya cika kasuwa. Na miƙe na faɗa.

Baba ya juya ya dubi yaron da ke kusa da taga ya ce, "Kun ji abin da anka ce? To ku rubuta."

Anka ce! Sai ka ce bango ne ya yi magana. Shi kuwa mutumin nan, wani yaro ya kawo rabin hujja gurguwa, sai ka ga ya daka tsalle yana tafi, yana kiransa farfesa, har alli ya faɗo daga kunnensa. Wallahi na ji haushi. Na koma gida na gaya wa Kaka, ta kyalkyale da dariya ta ce, "Kai ja can, mai kan ƙwarya. So kake shi goya ka? Ubanshi ma haka yai mishi."

Haka muka yi ta tafiya. Ya kawo mana aljebra: a nuna cewa a² + b² + c² ba ya taɓa gaza ab + bc + ca, ko waɗanne lambobi ne. Muka yi ta gwada lambobi kamar masu awon hatsi, ya ce ko mun gwada dubu ba mu ce komi ba. Da na ninka ɓangarorin biyu na kwaso komi gefe ɗaya, sai ga (a − b)² + (b − c)² + (c − a)² zaune suna jirana, lamba kuwa in ta ninka kanta ba ta sauka ƙasa da sifiri. Na rubuta a allo. Ya karanta har ƙasa, ya ɗauki tsumma, ya tsaya da shi a hannu bai goge ba, sannan ya ce lokacin la'asar ya yi.

Kada wani ya ɗauka abin ba shi da tsari. Yana da shi, kuma yana aiki. Uba ya kushe ɗansa na fari a gaban jama'a, wani babba ya tashi ya ƙaryata shi, uban ya yi shiru kamar an fi ƙarfinsa, shi ke nan yaro ya samu abinsa ba wanda ya yi rashin kunya. A wurinmu mai ƙaryata Baba shi ne malamin Arabiyya, amininsa tun suna yara. Lokacin da za a naɗa ni shugaban ɗalibai na aji, Baba ya ce wancan ko akuya ba ta bin umarninsa. Malamin Arabiyya ya ce, "Kai dai yi mana shiru, nan ba ɗanka ba ne, namu ne." Aka naɗa ni. Duk abin da na samu a makarantar nan ta wannan hanya ya biyo.

A shekarata ta ƙarshe, wadda in ta wuce ba ni da sauran damar shiga gasar, aka kawo mana sabon firinsifal. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Bahaushe ne, amma a barikin soja ya tashi can kudu, yana magana kai tsaye, yana kuma ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Shi ya ce a yi mana gwaji don a fitar da mutum biyun. Baba ya shirya tambayoyi, ya ba wani ɗan bautar ƙasa ya duba takardun, don ba zai taɓa tawa ba.

Tambayar ƙarshe har yau ina iya rufe ido in gan ta. Lambu ne mai kusurwa huɗu, fangali takwas a tsaye takwas a kwance. Ruwa ya cinye fangali biyu, na kusurwar gabas maso arewa da na yamma maso kudu. Ana so a rufe sauran da tabarmi, kowace tabarma ta rufe fangali biyu maƙwabta, ba ta hau kan wata ba. Zai yiwu? Yara suka yi ta shimfiɗa tabarmi a takarda suna gogewa. Ni na ce bari in shuka lambun: wannan albasa, na kusa da shi tattasai, haka har ƙarshe, yadda kowane albasa maƙwabtansa tattasai ne. Kowace tabarma dole ta rufe albasa ɗaya da tattasai ɗaya. Kusurwoyin da ruwa ya ci kuwa iri ɗaya ne, don haka wani iri ya fi wani da biyu. Ba zai yiwu ba, ko an shekara ana shimfiɗa. Na ajiye biro ina jin kamar in yi ihu.

Da sakamako ya fito firinsifal da kansa ya shigo ajinmu mai yoyo, takardu a hannu, fuska a sake. Damina ce, an ɗauke ruwa ba da jimawa ba. Ya ce wa Baba, a gabanmu duka, "Malam, naka ne na ɗaya, kuma da nisa. Mu fara da shi ko?"

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Wancan? A'a, ranka shi daɗe. Bai isa ba. Wasa ta yi mishi yawa. A sa waɗansu."

Ko a jikina. Duk wanda ke ajin ya san maganar uba ce, ba ta malami ba. Muka zuba wa firinsifal ido muna jiran ya ce haba Malam. Shi kuwa sai ya ɗan yamutsa fuska ya sake tambaya, "Ka tabbata?"

"Bai isa ba," in ji Baba, a hankali.

"To. Kai ka san ɗanka, kai ka san fanninka." Ya kira na biyu da na uku, ya yi musu barka, ya fita.

Na waiga ina neman malamin Arabiyya, sai na tuna ba ya nan. An yi masa rasuwa a Adabka, ya tafi ta'aziyya. Ɗan bautar ƙasa baƙo ne, yana can yana gyara agogonsa. Yara kuwa wa ya isa ya tsoma baki a maganar manya? Na dubi Baba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Bakinsa a ɗan buɗe, yana kallon ƙofar da mutumin ya bi. Taku kaɗan ne tsakaninsa da ofis. Bai je ba. Ya je ya ce me? Ya ce ɗazu ƙarya na yi, ɗana ya fi 'ya'yan kowa, a cire ɗan wani a sa nawa? Da a ji wannan a bakinsa a garin Gummi, gara masa ya bar aikin.

Daga baya na ji cewa a ranar ya nemi amininsa a waya bai samu ba, can ba a samun sabis sai an hau tudu. Ya samu ɗan kabu-kabu ya aika shi, ruwa ya yanke hanya, babur ya kwana a wani ƙauye. Kafin malamin Arabiyya ya iso, laka har gwiwa, an riga an kai sunaye Gusau an rufe. Ya shiga ofis ya yi ta faɗa. Firinsifal ya riƙe baki ya ce, "To me ya hana shi faɗa? Sau biyu fa na tambaye shi!" Ya yi ƙoƙari, ya buga waya nan da can, aka ce masa an wuce wurin.

Kaka da ta ji, dariyar nan tata ta ɗauke. Ta ɗauki sandarta ta tako har zaure ta wanke ɗanta tas, tana cewa kunya ai da mai kama maka ake yin ta, in ka ga ba kowa sai ka buɗe baki. Inna ta zuba mini tuwo ta turo tiren gabana, ta juya baya tana share ido da gefen zane, amma ko "sannu" ba ta iya ce mini ba. Ni kuwa ba sannu nake nema ba. Na bi Baba har fadama, abin da ban taɓa yi ba, na same shi yana cirar ciyawa cikin shinkafa. Na tsaya a kan kunyar gona na ce, "Baba, hujjata ta lambu, akwai kuskure cikinta?"

Ya ci gaba da cira.

"Baba, ba kowa nan. Ni da kai ne. Akwai kuskure?"

Ya ciro wata ciyawar ya jefar. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Miƙo mini wancan buhu."

Na miƙa masa. Na juya na tafi, ina kuka kamar ƙaramin yaro, ina zagin lissafi da wanda ya ƙirƙiro shi. Daga ranar ban sake taka ajin nan ba. Yaran biyu suka je Gusau suka dawo, ba wanda ya haye. Ba na cewa da ni ne da na haye, Allah kaɗai ya sani, kuma rashin sanin nan ya fi komi cin raina. Da lokacin neman gaba ya yi na zaɓi aikin gona, don kawai na san ba abin da yake so ba ne. Yau ni malamin gona ne a Anka, ina koya wa mutane tazarar shuka da awon taki, ina da iyali, alhamdu lillahi. Amma in na ga tambayar gasa a wayar wani yaro, sai in kau da kai kamar na ga tsohuwar budurwata.

Da Baba ba mu yi faɗa ba, ba mu kuma shirya ba. In na je gida in durƙusa in gaishe shi, ya ce, "An zo lahiya?" in ce lafiya lau, ya tambayi ƙanena labarin yarana alhali ga ni. Da hanya ta lalace da 'yan bindiga sai zuwan ya ragu, ni kuma, gaskiya, ban yi baƙin cikin samun dalili ba. Kaka ta rasu. Malamin Arabiyya ya rasu. Baba ya yi ritaya.

Bara ƙanena ya kira ni ya ce jikin tsoho da sauƙi, amma kansa ne. Yana manta ya ci abinci, yana tambayar mutanen da aka binne tun tuni. Ya ce Inna ta ce a gaya wa "na Anka" ya zo. Na bi ayarin motoci ranar kasuwa na isa da hantsi.

Na same shi a rumfar ƙofar gida a kan tabarma, ya rame, hularsa ta yi masa yawa. Ya jera ƙoƙuna a gabansa, duk a kife. Na yi sallama na durƙusa. Ya ɗago ya dube ni, ido cikin ido, ya yi murmushi. Ban san haka idonsa yake ba.

"Maraba da baƙo. Daga ina?"

Ƙanena zai yi magana na taka masa ƙafa. Na ce, "Daga Anka, Malam."

"Madalla. Ka taɓa lissahi?"

"Ɗan kaɗan."

"To zauna. Ga ƙoƙo bakwai a kihe. Kowane juyi, biyu za ka juya, ba ɗaya ba, ba uku ba. Kana iya tada su duka?"

Shekara da shekaru ban yi ba, amma abin yana nan inda na bar shi. Na ce ba zai yiwu ba. Kowane juyi, kifaffun ko dai su ragu da biyu, ko su ƙaru da biyu, ko su tsaya yadda suke. Bakwai ba ta rabuwa biyu daidai, kuma ƙari ko ragin biyu ba zai sa ta rabu ba. Don haka kullum sai an bar aƙalla ɗaya a kife.

Ya kama hannuna da hannu biyu yana girgizawa, yana dariya har da tari. "Kai! Allah shi yi maka albarka! Ko taɓa ƙoƙon ba ka yi ba! Wa ya koya maka?"

Na ce wani malami ne a nan garin.

Ya matso, ya rage murya, ya waiga ko akwai na gida kusa. Ƙanena ya riga ya shige ciki, ba zai iya tsayawa ba. Baba ya ce, "Tunda kai baƙo ne, bari in hwaɗa maka. Ina da yaro, babban. Duk shekarun da na yi ina koyarwa ban ga kai irin nashi ba. Ni kaina ya wuce ni. Akwai wata tambaya ta lambu, ni ta wata doguwar hanya na san ta, shi ko albasa da tattasai ya shuka, ya gama. Da na karanta sai da na zauna."

Na ce, "Allah ya raya shi."

"Amin. To amma akwai matsala." Fuskarsa ta canza. "Firinsifal ya tambaye ni, na ce bai isa ba. Ka san ba ni iya cewa ya isa. Na aika Adabka, har yanzu shiru. Gobe za a kai sunaye Gusau. Kai ba ɗan garin ga ba ne, bakinka ba nauyi. Don Allah ka tahi ka ce mishi a sa yaron. Ka ce kai ka gani da idonka. Kada ka ce ni na aiko ka."

Na so in ce Baba ni ne. Kalmar ta zo har bakina. Amma na san in ya gane ni zai saki hannuna ya kau da kai, ya ce an zo lahiya. A bayan ƙyauren zaure na ji motsi, na gane numfashin Inna ne.

Na ce, "To, Malam. Zan je."

"Yanzu. Kahin shi tashi ofis."

"Yanzu."

Na miƙe na sa takalmina. Makarantar tana nan inda take, firinsifal ɗin kuwa ban san ma ko yana duniya ba. Na bi hanyar makaranta ina haɗiye kuka, ina sauri, don daga rumfar ana hango titi, kuma na san bai sauke idonsa ba sai da na sha kwana.